Maganin Feshi da Lafiyar Manoma a Ƙasashe Masu Tasowa

Maganin feshi shi ne sunan da manoma ke kiran sinadaran da ake fesawa a gona ko a zuba wa hatsi don kashe ƙwari, ciyawa da cututtukan shuka. Dukkansu guba ne, ƙarfinsu ne kawai ya bambanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa su gwargwadon haɗarinsu, kuma akan nuna haka da layi mai launi a gindin kwalba: ja ga mafi muni, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A 1990 hukumar ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 3 ne gubar ke kamawa sosai a kowace shekara, wajen 220,000 kuma suna mutuwa. Akasarinsu a ƙasashe masu tasowa suke, kuma mafi yawan mamatan da gangan suka sha maganin.

Yadda gubar ke shiga jiki

Mai feshi ya fi ɗaukar guba ta fata, ba ta baki ba. Lokacin haɗa magani shi ne mafi haɗari, domin a nan ne yake taɓa tsantsarsa kafin a sirka da ruwa. Sai kuma famfon goyo. Idan murfinsa ya saki, maganin yakan riƙa tsiyaya a gadon bayan mai feshi, rigarsa ta jiƙe ta manne masa, ga zafin rana da gumi, haka zai wuni fata tana sha. Bakin famfo ya toshe, sai ya sa baki ya hura. Ya huta, sai ya ɓare goro da hannun da bai wanke ba. Da yamma matarsa ce za ta wanke rigar, sau da yawa a haɗe da kayan yara.

Magunguna irin su diklobos da monokrotofos suna hana jijiyoyin jiki hutawa. Alamominsu su ne dalalar yawu, gumi mai yawa, amai, jiri, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. A asibiti ana karya su da allurar atirofin idan an kai mutum da wuri. Farakwat, maganin ciyawa, ba shi da makari, kuma ɗan kurɓi ɗaya kan lalata huhu. Shan nono ko manja bayan feshi, wanda mutane da dama suka ɗauka kariya ce, ba ya kashe guba, sai dai ya jinkirta tafiya asibiti. Abin da ake yi shi ne a cire tufafin, a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa, a kai mutumin asibiti tare da kwalbar maganin.

Kayan kariya

Takardar jikin kwalba tana neman safar hannu ta roba, dogon takalmi, takunkumi, tabarau da riga mai rufe jiki. An so kuma a yi feshi da sanyin safiya ko la'asar, a ba iska baya, a jira kwanakin da aka rubuta kafin girbi. Amma wanda bai iya karanta Turanci ko Faransanci ba, ko wanda aka auna wa magani a robar lemo a kasuwar ƙauye, wannan takarda ba ta kai gare shi ba. Kayan ma suna da tsada, kuma da wuya mutum ya jure su cikin zafin bazara. Ƙa'idar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a 1985, aka sabunta a 2013, ta amince da wannan: ta ce a guji maganin da sai da kayan kariya masu tsada ko takura ake iya aiki da shi, musamman ga ƙananan manoma a ƙasashe masu zafi. Ke nan ba daidai ba ne a ɗora wa manomi laifin duka, alhali an sayar masa da abin da ba shi da halin kare kansa daga gare shi.

Ajiya da tsofaffin jarkoki

Jarkar magani ko ta ƙare ba ta rabu da guba ba. Ƙa'ida ita ce a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan cikin famfo, a huda ta. A watan Yulin 2013 yara 'yan makaranta 23 suka mutu a jihar Bihar ta Indiya bayan cin abincin da aka dafa da man girki mai gubar monokrotofos. A 1999 ma yara 24 suka rasu a ƙauyen Tauccamarca na ƙasar Peru sakamakon gubar da ta shiga madarar makaranta.

Dokoki

Sri Lanka ta hana magunguna mafi haɗari a 1995, maganin ƙwari endosulfan a 1998, sannan farakwat daga baya. Yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100, noman ƙasar kuma bai faɗi ba. Kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, wanda Nijar da Chadi ke ciki, ya haramta endosulfan a 2007.

A Nijeriya matsalar ta fi fitowa a wake. Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken ƙasar a 2015 saboda yawan diklobos a cikinsa, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni. Masu ajiyar wake da yawa sun koma ga buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba.