Kwamitin Ba da Agajin Gaggawa na Ƙaramar Hukuma (LEMC) a Najeriya

Kwamitin ba da agajin gaggawa na ƙaramar hukuma, wanda ake taƙaita sunansa da LEMC, shi ne mataki mafi ƙanƙanta a tsarin tunkarar bala'o'i a Najeriya, wato ambaliya da gobara da guguwa da fari da ɓarkewar annoba. Tsarin hawa uku ne. A sama akwai NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, a tsakiya akwai SEMA, irin wannan hukuma ta kowace jiha, sai kuma wannan kwamiti da ya kamata a ce kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 774 tana da shi. Shi ne ya fi kusa da talaka, kuma abin takaici shi ne ya fi rauni a cikin ukun.

Asalin abin ya samo tushe ne daga farin da aka yi a 1972 zuwa 1973, wanda ya kashe dabbobi ya ƙone amfanin gona a arewa, bayansa ne gwamnatin soja ta kafa hukumar NERA a 1976, aikinta kawai rabon kayan agaji. A 1999 aka maye gurbinta da NEMA aka faɗaɗa aikin ya haɗa da shiri tun kafin abu ya faru. Mataimakin shugaban ƙasa ne ke shugabantar majalisar gudanarwar NEMA, a jiha mataimakin gwamna, a lokal kuma tsarin ya ɗora nauyin a kan mataimakin ciyaman. Akan saka shugabannin sassa irin na ayyuka da lafiya da noma, da DPO, da jami'an sibil difens, da hakimi, da malaman addini, da ƴan Red Cross da ƴan agajin ƙungiyoyin addini waɗanda su dama ko ba a kira su ba suna zuwa.

Aikin kwamitin na gaskiya a lokacin rani yake, ba ranar da ruwa ya shigo gari ba. Kowace shekara hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, NIHSA, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, kuma ta biyo baya da nata hasashen ambaliya inda take lissafo ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Toh matsalar ita ce wannan bayani a Abuja ake karanta shi da Turanci a ɗakin taro, manomin da gonarsa ke fadama a Auyo ko Kirikasamma na jihar Jigawa ba lallai ya ji ba, kuma ko ya ji a rediyo ba wanda ya ce masa ga inda za ka kai iyalinka ga ranar da za ka tashi. Nan ne gurbin kwamitin. Shi zai ɗauki gargaɗin ya miƙa wa hakimi, hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni, limamai su faɗa a huɗubar Juma'a, mai shela ya zaga ranar kasuwa. Sannan a san unguwannin da ke kwari, a san tsofaffi da masu juna biyu da naƙasassu da za a fara kwashewa, a ware tudun da za a koma (galibi makarantar firamare ce), a yi magana da masu kwale-kwale da sarkin ruwa tun da wuri, a tanadi buhunan yashi da maganin tsaftace ruwan sha, don bayan ambaliya amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro ne ke biyowa, wani lokacin ma su fi ruwan kisa.

Akwai kuma aikin da kundin tsarin mulki na 1999 da kansa ya ba ƙaramar hukuma a jadawali na huɗu, gyaran magudanan ruwa da tituna da kwashe shara. Yawancin ambaliyar cikin gari a Kano ko Zariya ko Gusau ba kogi ne ya kawo ta ba, kwata ce ta toshe da leda da ƙasa, kwalbati ya cushe, wani kuma ya yi gini a kan hanyar ruwa an zuba masa ido. Yasar kwata kafin ruwan farko ba ta cin kuɗi kamar sake gina gidan da ya rushe, kuma matasan unguwa na yin ta aikin gayya in an ba su shebur da baro da motar da za ta kwashe abin da suka fito da shi, in ba a kwashe ba ruwan farko zai mayar da shi ciki.

Wasu wuraren kuma haɗarin daga nesa yake zuwa. Garuruwan bakin Binuwai irin su Yola da Numan da Makurdi har Lokoja idonsu na kan madatsar Lagdo ta Kamaru duk lokacin da aka ce za a saki ruwa, madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa don ta riƙe ruwan har yau ba a kammala ta ba. A Jigawa kogin Haɗeja ne, wanda ruwan Tiga da Challawa ke gangarowa cikinsa, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwan sai ya fantsama cikin gonaki da ƙauyuka, shi ya sa jinga ta zama aikin kowace shekara a Ringim da Haɗeja da kewaye.

Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan 2 da gidajensu. Ta 2022 ta kashe sama da 600, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A watan Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri da Jere, mutane da yawa suna barci ruwan ya same su. A ƙarshen Mayu 2025 Mokwa ta jihar Neja ta ga nata, sama da mutum 150 suka rasu. A irin waɗannan lokuta waɗanda suka fara ceto maƙwabta ne da masunta da ƴan sa-kai, kafin motar hukuma ta iso daga babban birnin jiha an riga an yi asarar da za a yi.

Babban abin da ke kashe kwamitocin nan kuɗi ne. A wurare da dama sunan kwamiti na nan a takarda amma babu ofis babu mota babu ko sisi a kasafi, sai an yi ɓarna a ga ciyaman ya zo jaje da tabarmi da buhunan shinkafa da bandir ɗin kwano, wanda yana da amfani amma ba ya dawo da rai. Akwai asusun kula da muhalli da ake ware wa matakan gwamnati uku kaso a ciki, sai dai shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, kuma NEMA ta daɗe tana kira ga gwamnoni su kafa waɗannan kwamitoci su ba su kayan aiki. Wata matsalar kuma sauyin shugabanci ce, ciyaman ya tafi kwamiti ya watse da duk wanda aka horar, sabon da ya zo sai ya fara daga farko, shi ya sa ya fi dacewa a ɗora aikin a kan ma'aikatan dindindin da masu sarauta tunda su suna nan ko an yi zaɓe ko ba a yi ba.