Waiwaye: Daga ɗakin karatun En'e zuwa digirin laburare

Duk wanda ya shiga laburaren gwamnati a garuruwanmu zai lura da abu ɗaya. Kujerun cike suke da 'yan makaranta masu shirin jarrabawa, kowa da littafinsa da ya zo da shi daga gida. Da wuya ka ga alaramma, ko ɗan kasuwa, ko matar aure da ke karatun yaƙi da jahilci. Wannan ba jiya ya fara ba, kuma yana da alaƙa da yadda aka yi ta horar da ma'aikatan tun farko.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne Turawan mulki suka bubbuɗe ɗakunan karatu a garuruwa, domin jama'a su riƙa samun labarin yaƙi yadda gwamnati ke so a ji shi. Ana ajiye jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, da 'yan ƙasidu da hotuna. Da yaƙi ya ƙare, ɗakunan suka zauna a hannun En'e. Mai kula da ɗakin sau da yawa ba wani horo gare shi ba. Ya buɗe, ya share, ya rufe. Amma fa ɗan gari ne, ya san kowa, harshensu ɗaya da masu shigowa.

A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna. Daga can ake cika akwatuna da littattafai a aika wa ɗakunan karatun En'e da makarantu, bayan wani lokaci a karɓo a musanya da wasu. Can kuma ake kiran masu kula da ɗakunan su yi gajeren kwas. Dabara ce mai kyau ga yanki mai faɗi haka, sai dai yawancin abin da ke cikin akwatin da Turanci yake, alhali masu karatu da yawa a Arewa Larabci da ajami suka iya.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1953, hukumar UNESCO ta shirya taro a Ibadan kan yadda za a bunƙasa laburaren jama'a a Afirka. Daga wannan taro ne aka kafa ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Afirka ta Yamma a 1954. Kafin nan an gwada buɗe makarantar horarwa a Achimota ta ƙasar Gana a 1944, amma ba ta daɗe ba.

Abin da aka fi ja-in-ja a kansa shi ne irin mutumin da za a horar. Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta turo Harold Lancour ya duba lamarin, kuma shawararsa ce ta haifar da makarantar koyon aikin laburare ta Ibadan, wadda ta karkata ga ɗaukar masu digiri, a fito da shugabanni. To, a Arewa masu digirin nawa ne a lokacin? Da gwamnatin Arewa ta gayyato F. A. Sharr daga Ostareliya, rahoton da ya bayar a 1963 ya ba da shawarar a buɗe makaranta a Jami'ar Ahmadu Bello. A 1968 sashen ya fara aiki a Zariya, da difloma da digirin farko, domin a samu hannaye da yawa da za su riƙe aikin. An sha sukar wannan tsari cewa zai rage darajar sana'ar, amma daga baya shi jami'o'i da dama suka bi, ciki har da Bayero ta Kano da ta Maiduguri. A ganina Zariya ce ta fi fahimtar halin da ake ciki.

Ana cikin haka aka ƙirƙiro jihohi a 1967. Laburaren Kaduna da ke kula da Arewa baki ɗaya aka raba kayansa tsakanin jihohi shida, kowace ta ji da kanta. Wata ta gina, wata ta bari ya lalace.

Ko da aka samu ƙwararru, kayan aikin da aka koya musu ba don mu aka ƙera su ba. Ɗauki tsarin Dewey da ake jera littattafai da shi. Lambobi 200 zuwa 299 na addini ne, amma daga 220 zuwa 280 kusan duk na Kiristanci ne, Musulunci kuwa an cusa shi a 297. A Kano ko Sakkwato, ma'ana tafsiri da hadisi da fiƙihu da tarihin Annabi duk su cunkushe a lamba ɗaya, sai an yi ta ƙara lambobi bayan ɗigo. Na taɓa ganin wani dattijo ya zo neman littafin fiƙihu a wani laburare. Matashin da ke kan kanta ya ce, "Baba, ka san sunan marubucin da boko?" Dattijon ya faɗi sunan da Larabci, sau biyu. Yaron, da takardar shaidarsa da komai, bai iya karanta bangon littafin ba. Mai gadi ne, wanda ya yi makarantar allo, ya shigo ya zaro shi.

Rubuce-rubucen hannu na malamanmu kuwa galibi wasu wurare suka tafi, kamar Arewa House da aka kafa a Kaduna a 1970, inda masana tarihi suka fi kula da su.

A 1995 aka yi dokar da ta kafa hukumar rajistar ma'aikatan laburare ta ƙasa, wadda ke yi wa masu sana'ar rajista tana kuma shirya musu bita. Yau yawancin bitar da ake tallatawa ta kwamfuta ce da intanet, kuma ana buƙatarta. Sai dai ban cika jin an tura ma'aikaci koyon karanta ajami ba, ko rubutun makafi, ko maganar kurame, ko yadda zai kai akwatin littattafai Islamiyyar matan aure da dare. A ofisoshi da yawa ma, idan takardar gayyatar bita ta zo, babba ne ke tafiya, na kan kanta ya tsaya tsaron ƙofa.