Waiwaye: Yadda jinkirin faci ya bi manhajojin kamfanoni har cikin gajimare

Wanda ya yanki tikitin mota ko ya aika kuɗi daga Maraɗi zuwa Yamai ko Damagaram, galibi bayanansa sukan ratsa wata manhaja da ba ya gani, wadda ke tsakanin kwamfutar ma'aikacin da ke gabansa da rumbun da ake ajiye lissafi. Ita ce uwar garken manhajoji, kuma fitattu daga cikinta su ne WebLogic na Oracle, WebSphere na IBM, JBoss na Red Hat da Tomcat na gidauniyar Apache. Idan aka gano ɓaraka a jikinta, masu ita sukan fitar da ɗan gyara wanda ma'aikatan fannin ke kira faci, kalmar da muka saba ji a bakin masu gyaran taya. Tarihin wannan faci ya nuna cewa ɓarna mafi yawa tana faruwa ne bayan an san ɓarakar kuma an fitar da maganinta.

A watan Nuwamba na 1988 tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ta durƙusar da dubban kwamfutoci a Amurka, abin da ya sa aka kafa cibiyar CERT, mai kai ɗauki idan an kai wa kwamfutoci hari, a jami'ar Carnegie Mellon. A 1999 kuma aka fito da tsarin CVE, wanda ke bai wa kowace ɓaraka lambarta. Sai dai sanin sunan cuta bai sa mutane sun sha magani ba. Microsoft ya fitar da facin uwar garkensa ta IIS a watan Yuni na 2001, amma ranar 19 ga Yuli tsutsar Code Red ta kama kwamfutoci kusan 359,000 cikin ƙasa da awa 14. A Janairun 2003 tsutsar Slammer ta shiga kimanin 75,000, mafi yawansu cikin minti goma, alhali facinta ya yi wata shida da fitowa.

Daga nan ne manyan kamfanoni suka sanya wa faci rana. Microsoft ya tsayar da Talata ta biyu ta kowane wata tun Oktoban 2003, Oracle kuma ya fara fitar da nasa duk bayan wata uku daga Janairun 2005. Tsarin ya taimaki masu kula da kwamfutoci wajen shiri, amma ya taimaki masu kutse su ma, domin da zarar faci ya fito sukan kwatanta sabuwar manhaja da tsohuwa, su ga daidai inda aka ɗinke, sannan su bazama neman waɗanda ba su ɗinke ba.

Da Amazon ya fara ba da hayar kwamfutoci ta intanet a 2006, abin da ake kira gajimare, mutane da yawa sun ɗauka an sauke musu wannan nauyi. Sharaɗin hayar bai ce haka ba. Mai gajimare shi ke tsare ginin da na'urorin, kamar yadda mai gadi ke tsare ƙofar kasuwa, amma kwaɗon shago na ɗan haya ne. Wanda ya ɗora WebLogic ko Tomcat a kwamfutar da ya haya, shi zai sa faci, sai dai idan ya sayi irin hidimar da mai gajimaren ke ɗaukar wannan aikin, kuma ko a nan ma manhajar da ya rubuta da kansa tana wuyansa.

Shekarar 2017 ta nuna tsadar sakaci. An fitar da facin Apache Struts, wata manhaja da ake gina manhajojin intanet da ita, a watan Maris, kamfanin Equifax na Amurka bai sa shi a inda ya kamata ba, masu kutse suka shiga a watan Mayu, ba a ankara ba sai ƙarshen Yuli, bayan sun kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. A Oktoban shekarar Oracle ya toshe wata ɓaraka ta WebLogic, amma aka ci gaba da bi ta cikinta ana haƙar kuɗin intanet na Monero a kwamfutocin waɗanda suka makara. A gajimare irin wannan sata tana da ciwo biyu, tunda mai haya ne ke biyan kuɗin ƙarfin da ɓarawo ya ci.

Wadda ta fi girgiza kowa ita ce ta Disambar 2021, a cikin Log4j, wata 'yar manhaja da aikinta shi ne rubuta abin da ke faruwa, kamar akawu mai riƙe da littafi. Ɓarakarta abin mamaki ce: mutum zai rubuta ɗan gajeren layi mai farawa da ${jndi: a gurbin da ake sa suna, sai akawun ya ɗauki rubutun a matsayin umarni, ya je wata kwamfuta mai nisa ya ɗauko manhajar baƙo ya kunna. Wani ma'aikacin Alibaba ne ya gano ta, aka ba ta maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari. Facin farko bai isa ba, sai da aka sake fitar da wasu a jere kafin watan ya ƙare. Babbar wahalar ita ce kamfanoni da yawa ba su ma san suna da Log4j ba, saboda tana ɓoye cikin wasu manhajojin da suka saya.

A makon da ɓarakar Log4j ta bayyana ne na iske wani ƙanena, mai kula da kwamfutocin wani kamfanin jigilar kaya a nan Maraɗi, zaune a biro bayan sallar isha'i, an ɗauke kuran, yana aiki da intanet ɗin wayarsa. Ya shaida wa mai kamfanin cewa dole a tsayar da aiki na awa biyu. Amsar da ya samu ita ce: "Yaro, abin da ke aiki lafiya, me ya sa za ka taɓa shi? Motoci na kan hanyar Ɗan Isa." A ganina tsoron Alhajin ba na banza ba ne, domin faci yakan karya abin da ke tafiya daidai, kuma wanda ya rubuta musu manhajar ya daɗe da barin aikin.

A nan ne gajimare ke da amfani na gaske. Ƙanen nawa ya kwafi uwar garken gaba ɗaya zuwa wata kwamfutar haya, ya sa faci a kwafin, ya gwada yankar takardar kaya da fitar da lissafin rana, da ya ga komai ya tafi daidai sai ya juya ma'aikata zuwa sabuwar kafin asuba, ya bar tsohuwar a kashe har kwana uku ko da wani abu zai ɓaci. Wata guda kafin wannan dare, a Nuwamban 2021, hukumar CISA mai kula da tsaron intanet ta Amurka ta fara wallafa jerin ɓarakokin da aka tabbatar masu kutse na amfani da su, tare da bai wa ma'aikatun gwamnatin tarayya wa'adin mako biyu su toshe sababbi daga ciki. Jerin a buɗe yake ga kowa, kuma shi ne abin da ƙanen nawa ke fara dubawa kowace safiyar Litinin.