Birkin salansa a pikop mai dizal: ga amsa sau ɗaya, a huta da maimaita tambaya

Salamu alaikum jama'a. Tambayoyin nan kullum su ake kawo min gareji a Suame Magazin da ke Kumasi, wasu ta waya, wasu ma su tare ni bayan Juma'a a Aboabo, to ga su nan na tara wuri guda don Allah a karanta kafin a kira ni.

Masta, wai mene ne birkin salansa ɗin?

Marfi ne mai juyawa a cikin bututun salansa, bayan turbo. Ka ɗaga ƙafa daga totur ya rufe, hayaƙi ya rasa hanyar fita, inji ya shaƙe ya riƙe mota.

Shi ne wanda tirela ke yi ta-ta-ta a gangara?

A'a. Wannan Jake brake ne na kamfanin Jacobs, a saman inji yake, bawul yake buɗewa ya zubar da matsin iska. Ba na ƙananan motocinmu ba ne, ka cire ranka.

In na sa, ai zan iya ƙara lodi ko?

Wallahi wannan tambayar ita ke ɓata min rai. Mutum ya jibga doya daga Ejura ko buhunan gawayi har bodi ya kwanta kan taya, ya tunkaro gangaren Mampong a giya huɗu ƙafarsa kan birki tun daga sama, layinin ya ƙone man birki ya tafasa, sannan ya zo yana neman ƙarfen da zai cece shi. Birkin salansa bai ƙara wa taya ƙarfi ba, bai ƙara wa sifirin ba. Aikinsa kawai ya hutar da birkin ƙafa kar ya yi zafi. Akwai karen mota zaune a saman kayan nan, ɗan wani ne, ka ji tsoron Allah.

Na samu na babbar mota Canter a wajen masu tsoffin kaya, zai hau Hilux ɗina?

To nan ne maganar take, kuma ba zan ce maka e ko a'a ta waya ba. Canter da Isuzu NPR daga kamfani suka zo da nasu, an auna shi da injinsu. Hawa dai zai hau, mai walda zai yanka bututu ya ɗaura maka yau-yau, amma abin dubawa shi ne matsin da zai taru a bayan marfin, domin in ya fi ƙarfin sifirin ɗin bawul sai bawul ya kasa rufuwa, in ba a yi sa'a ba fistin ya taɓa shi, ko gasket ɗin manifol ya fara hura, wani lokacin turbo ya fara jiƙa da mai. Ko Cummins 5.9 mai bawul 12 na tsohuwar Dodge Ram, da duk ƙarfinsa, sai an canja masa sifirin zuwa masu ɗaukar matsin da ya kai psi 60 a geji kafin a matsa masa sosai, balle ƙaramin inji mai lita 2.5 ko 3.0.

Shi ya sa dole a sa geji a auna, a nemo iyakar da injinka ke ɗauka, a daidaita ɗan ramin da ke jikin marfin ko inda yake tsayawa. Kar kowa ya toshe maka ramin nan da walda wai don ya fi kamawa. Sannan abin da zai ja marfin: yawancin na ƙananan motoci da vakum suke aiki, a duba famfon vakum ɗinka, ka tuna shi ne kuma ke taimakon birkin ƙafa, in aka ja tiyo aka bar shi yana yoyo birki zai yi maka tauri. A sa suwic a totur, a sa a kuloci, yadda da ka taka ɗaya zai saki.

Tsohon inji irin 5L mara kwamfuta ya fi sauƙin sha'ani. Sababbin Hilux, Navara da Ranger masu EGR (abin da ke mayar da wani hayaƙi cikin inji) da sensa ko'ina, ni dai ina ɗari-ɗari da su, birkin salansa yana iya yin aiki lafiya yana kuma iya kunna maka wuta a dashbod ya rage ƙarfi. Kuma gaskiya ƙaramin inji riƙonsa kaɗan ne, in hanyarka Kumasi zuwa Tamale ce kawai ajiye kuɗinka ka gyara birki. Mai hawa tsaunin Kwahu ko Nakpanduri da kaya kullum, shi ne zan zauna da shi mu yi lissafi.

Tawa otomatik ce fa?

Sai in tok-konbata ɗin, wato abin da ke haɗa inji da giyabos da mai, tana kulle lokacin da ka saki totur. In ba ta kulle ba mai kawai za ka dafa a giyabos, mota ko a jikinta.

Yana shan mai? Yana kashe inji?

Ba ya shan mai, ai ƙafarka ba ta kan totur. Kuma kwantar da hankalinka Alhaji, in an auna shi daidai ba abin da zai samu injinka, Ram mai injin lita 6.7 tun 2007 da shi take fitowa a cikin turbo.

Na sa amma ban ji yana riƙewa ba.

Don kana babbar giya ne. Sai inji na juyawa da sauri yake kamawa, ka sauko zuwa giya ta uku ko ta biyu tun kafin ka fara gangara, allurar juyin inji kar ta shiga ja. Ranar ruwan sama ko kan jar ƙasa mai santsi, musamman in bodi ba kaya, ka kashe shi gaba ɗaya, tayoyin baya kaɗai yake riƙewa kuma suna iya zamewa bayan mota ya juyo.