Ma'anar "ap", 'yar kalmar da ke ɓatar da masu neman asalinsu a Wales

Duk wanda ya zauna bin salsalar wani gida na mutanen Wales, wani yanki na Birtaniya, da suka yi ƙaura zuwa Amurka tun tana hannun Turawan Ingila, ba zai yi nisa ba zai ci karo da haruffa biyu a tsakiyar suna: ap. Ma'anarta "ɗan". Gutsuren kalmar mab ce, wato ɗa namiji a harshensu. Idan sunan uban ya fara da wasali takan zama ab, mace kuwa ferch ake sa mata, wato "'yar". John ap Thomas shi ne John ɗan Thomas.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sani Musa ya haifi ɗa, ɗan ya tashi ana kiransa Garba Sani, sunan kaka ya faɗi. Haka Wales ta daɗe tana yi, musamman a ƙauyukan arewa, ko da yake tun dokokin 1535 da 1542 da suka haɗe ta da Ingila manyan gidaje suka soma riƙe suna guda na gado. Talakawa sun jima ba su bi ba.

To a daidai wannan tsakani aka yi ƙaurar. A 1681 William Penn, Baturen Ingila da ya kafa yankin Pennsylvania a Amurka, ya amince wa Kiristoci 'yan ɗariƙar Quaker na Wales da fili mai faɗin kusan eka 40,000 a Pennsylvania, rukunin farko ya sauka a 1682. Sun je ƙasar da magatakarda ke jiran kowa ya faɗi sunan gidansu, da yawansu kuwa ba su da shi. Sai kowa ya daskarar da abin da ke hannunsa. Wasu suka manne kalmar da sunan uba: ap Hywel ya zama Powell, ap Rhys ya zama Price, ab Owen ya zama Bowen, ap Richard ya zama Pritchard. Wasu suka yar da ita suka ƙara harafin s a ƙarshe, aka samu Jones daga John, Evans daga Evan.

Dubi yadda abin ke rikita mai bincike. John ap Thomas, ɗaya daga cikin jagororin tafiyar, ya rasu a 1683 bai taka jirgi ba. Matarsa ta haye da yara, 'ya'yansa maza suka zama Jones a Amurka, ba Thomas ba. Wanda ya koma takardun Wales yana neman wani dattijo Jones a matsayin ubansu zai ƙare ƙarfinsa a banza. Akwai kuma Owen ap Evan da Evan ap Evan, uba ɗaya. Zuriyar na farko suka zama Owen, 'ya'yan na biyu guda huɗu, Thomas da Robert da Owen da Cadwalader, suka sauka a Gwynedd ta Pennsylvania a 1698 da sunan Evans. Jini ɗaya, suna biyu. Akasin haka ma ya fi yawa: Jones biyu suna maƙwabtaka, babu abin da ya haɗa su sai cewa kowannensu sunan ubansa John ne.

Shi ya sa nake jin takaici idan na ga an haɗa bishiyar zuriya a intanet don kawai suna ya zo ɗaya. Ana liƙa wa mutum kakan da ba nasa ba, wasu su kwafa, ƙarya ta yi jijiya.

Abin da ya fi riƙe gaskiya shi ne wasiyya, da takardun filaye, da takardar shaida da majalisar Quaker ke bai wa mai ƙaura ya kai wa 'yan'uwa a inda zai sauka. Tsofaffin wasiyyun Wales na kafin 1858 suna Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Aberystwyth. A kula da kwanan wata kuma: kafin 1752 "wata na ɗaya" a rubutun Quaker Maris ne, ba Janairu ba.

Sai sunan gona, wanda sau da yawa ya fi sunan mutum amfani, domin da shi ake bambanta John ɗin nan da wancan. Rowland Ellis ya baro gonarsa Bryn Mawr kusa da garin Dolgellau a Wales, ya raɗa wa sabon gidansa a Pennsylvania wannan sunan, kuma har yau akwai garin da ke amsa shi a kusa da Philadelphia.