Aikin cire kullen faifai ya tsaya a tsakiya: ta yaya za a ceto bayanan?

Me ke faruwa da faifan idan aikin ya katse?

Manhajar kulle bayanai (mai rikita su yadda ba a iya karantawa sai da makulli), ko BitLocker ce ko LUKS ko VeraCrypt, tana bin faifan ne sekta bayan sekta, wato ɗan yanki bayan ɗan yanki: ta karanta, ta warware, ta mayar da abin a fili, sannan ta rubuta inda ta kai. In wuta ta ɗauke ko kebul ya zare, ɓangaren faifan ya rabu biyu ke nan, wani a buɗe, wani a kulle. Bayanan ba su tafi ko'ina ba. Abin da ake tsoron rasawa shi ne kan faifan, inda makulli yake tare da alamar iyakar da aikin ya kai.

Windows ta ce a yi wa faifan fomat. A amince?

Kul! Haka kuma kada a taɓa chkdsk ko fsck, manhajojin gyaran faifai na Windows da Linux. Su a ganinsu sashen da ke kulle shara ce, sai su hau “gyara” suna rubutu a kan abin da da za a iya cetowa. Kada kuma a sake kunna kulle sabo, domin sabon kai zai danne tsohon, makullin ya tafi har abada.

To mene ne matakin farko?

A kwafe ɓangaren ɗungurungum zuwa wani faifan da ya fi shi girma. A tayar da kwamfutar da Linux daga filashi, a hana rubutu da blockdev --setro /dev/sdb1 (a sa sunan ɓangaren da ake ceto a madadin /dev/sdb1), sannan a ba da ddrescue -d -r3 /dev/sdb1 kwafi.img taswira.map. Fayil ɗin taswira shi ke ba da damar ci gaba in kwafin ma ya katse. Wannan ya fi muhimmanci idan lalacewar faifan ce ta tsayar da aikin tun asali, don kowane karatu ƙara masa rauni yake yi. Duk gwaji a yi shi a kan kwafi. In akwai wuri ma, a yi biyu a ajiye ɗaya.

Idan BitLocker ce fa?

Ita ce mai sauƙi, domin tana ajiye bayanan kanta a wurare uku a faifan, kuma galibi da an sake kunna na'ura take ɗorawa daga inda ta tsaya. A duba da manage-bde -status, zai nuna kason da ya rage a kulle. In faifan a rufe yake, a buɗe shi da manage-bde -unlock D: -RecoveryPassword (a sa harafin faifan a madadin D:) tare da lambobin ceto guda 48. Da ya buɗe, a fara kwashe fayiloli masu muhimmanci, sannan a ba da manage-bde -resume D:.

Mutane da yawa na garzayawa wurin repair-bde, umarnin gyaran faifan BitLocker, alhali Microsoft da kanta ta bayyana cewa ba ya gyara faifan da ya samu matsala ana tsakiyar kullewa ko cirewa. Dalili kuwa, ɗauka yake yi duk faifan a kulle yake, sai ya “warware” har sashen da ya riga ya buɗe, ya mai da shi shirme. Ga shi kuma yana shafe duk abin da ke faifan da aka ba shi ya zuba sakamako.

LUKS kuma?

A fara da cryptsetup luksDump. A LUKS2, sabon sigar LUKS, in an ga online-reencrypt a cikin sharuɗɗan, aikin a rataye yake. Umarnin cryptsetup repair zai daidaita ɗan yankin da ake rubutawa lokacin da abin ya katse, sai cryptsetup reencrypt --resume-only ya ƙarasa. In da --header aka fara cirewar, wannan fayil ɗin shi ne kan faifan yanzu, dole a kawo shi a kowane umarni. A LUKS1 kuwa, fayiloli uku ake barin su a foldar da aka ba da umarnin, sunansu ya fara da LUKS- ya ƙare da .log, .org da .new. Wanda ya yi aikin daga filashin da ba ya ajiya, su ya fi rasawa.

Tarko ɗaya: kada a mayar da tsohon kan da aka adana kafin a fara cirewar. Makullin cikinsa daidai ne, amma bai san aiki ya yi nisa ba. A kan kwafi kaɗai ake gwada shi.

VeraCrypt?

A menu na Volumes akwai Resume Interrupted Process. In faifan da Windows ke kai ne kuma ya ƙi tashi, Rescue Disk ɗin da aka haɗa ranar kullewa na iya ƙarasa cirewar.

In alamar iyakar ta ɓata amma makulli na nan?

Ana iya nemo iyakar da hannu. A leƙa kwafin da hexdump, mai nuna ɗanyen abin da ke faifai: sashen da ke buɗe za a ga sifili jere da sunayen fayiloli, na kulle kuwa lambobi ne barkatai ba tsari. Tsarin kullewa na XTS da galibi waɗannan manhajoji ke amfani da shi yana kulle kowace sekta da lambarta, don haka ana iya warware ragowar daban, muddin lissafin lambar sektar ya yi daidai, sannan a haɗe sassan biyu. Kuskuren sekta ɗaya a lissafi, komai ya fito shirme. Wanda bai saba ba gara ya miƙa wa ƙwararre kwafin.

In kuwa makullin ne ya tafi?

PhotoRec zai iya tsinto hotuna da takardu daga sashen da ya riga ya buɗe, ba tare da sunayensu na asali ba. Sashen da ke kulle da AES, lissafin kullewar da aka fi amfani da shi, kuwa ba mai fasa shi, kuma duk wanda ya ce zai buɗe shi ba makulli, kuɗi kawai yake nema.