Hadana: wai kaka alfarma ake mata ko haƙƙinta ne?

Kwanan nan duk shirin zamantakewar iyali da ka kunna a rediyo sai ka ji hadana, hadana, har 'yan Facebook sun ɗauka, amma in ka saurara da kyau abin da yawancinsu ke nufi shi ne wa ya fi iko da yaro, alhali sam ba nan maganar take ba. Hadana riƙo ne da reno, wanka da goyo da tashi cikin dare in zazzaɓi ya rufe yaro. Aurar da yarinya ko kula da dukiyar maraya wannan wilaya ce, ci da sutura kuma nafaƙa ce, tana wuyan uba ko a hannun wa yaron yake.

Abin da ke ban haushi shi ne yadda ake maganar kaka kamar wata mai taimako da za a ce mata sannu da ƙoƙari a karɓe yaro. A mazhabar Malikiyya in uwa ta rasu, ko ta yi wani aure ta tare, riƙon ba ya tsallakawa zuwa uba. Kaka ta wajen uwa ce a gaba, sannan 'yar'uwar uwa, sai can a iso kan kaka ta wajen uba, shi uban ma yana bayanta ne a layi.

Kuma ba malaman baya ne suka ƙirƙiro ba. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya saki wata matarsa mutuniyar Madina da ta haifa masa Asim, wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya kama dantsensa ya ɗora shi gabansa a kan abin hawa, kakar yaron ta biyo shi tana ja yana ja har gaban Sayyidina Abubakar, wannan ya ce ɗana, wannan ta ce ɗana. Abubakar ya ce a bar mata shi. Umar fa, da duk kwarjininsa, bai ƙara cewa uffan ba. Yau kuwa wani ko kuɗin sabulu bai taɓa aikowa ba zai zo yana cewa ai ɗa na uba ne.

Ba kuma na ce kaka ta samu lasisin yin yadda ta ga dama ba. Dole ta zama mai hankali da amana da ƙarfin yin renon, wadda tsufa ya kayar ba a ɗora mata, kuma ba za ta hana uba ganin ɗansa ko sa shi makaranta ba. Akwai ma sharaɗin da mutane ba su cika sani ba, in auren uwa ne ya kawo riƙon hannun kaka, to ba za ta zauna gida ɗaya da uwar ba. Wa'adin kuma namiji sai ya balaga, mace sai ta yi aure ta tare.